A wane mataki ƙwayoyin suka mutu: G1, S ko G2/M?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Yamai, ina gwada wani magani a kan ƙwayoyin sankarar jini da muke kiwo a labo. Na daskarar da su da alkol, na rina su da PI (rinin da ke kama ADN, wato sinadarin gado na ƙwaya), na'urar sitometiri, mai auna ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, ta nuna tudun sub-G1, wato na ƙwayoyin da ADN ɗinsu ya ragu, ya ƙaru. Ta yaya zan san matakin zagayen rabuwa da suke ciki sa'ad da suka mutu: G1 (kafin kwafar ADN), S (lokacin kwafa) ko G2/M (bayan kwafa har rabuwa)?

Amsa: Ƙanwata, tudun sub-G1 ba zai gaya miki wannan ba. A lokacin apoptoz, wato mutuwar ƙwaya da kanta bisa tsari, ADN na ƙwayar yakan tsinke gunduwa-gunduwa, kuma alkol na 70 cikin ɗari ba ya riƙe gutsattsarin, sai su fice wajen wanki. Ƙwayar da ta mutu a G2/M tana ɗauke da ninki biyu na ADN; in ta zubar da rabi, sai ta faɗo cikin tudun G1 kamar mai rai. Wadda ke sub-G1 kuwa, asalinta ya ɓace.

Abin da kike bukata alamomi biyu ne a kan kowace ƙwaya: ɗaya ta mutuwa, ɗaya ta yawan ADN. Na fi ba ki shawarar TUNEL, hanyar da ke sa alama a bakin gutsattsarin ADN, tare da PI, tunda leza mai 488 nm kaɗai ta isa.

Ki tattara ƙwayoyi kamar miliyan 1, har da waɗanda ke yawo a ruwan kiwo, don matattun can suke. Ki juya su a na'urar santirifuji, a ƙarfin juyi na 300 g, minti 5. Daga nan sai paraformaldehid 1 cikin ɗari, minti 15 bisa ƙanƙara, kafin alkol ya taɓa su. Wannan ne ginshiƙin aikin: shi ke ɗaure gutsattsarin a cikin ƙwayar, ta tsaya a matakinta. Kar ki ƙara ƙarfinsa ko lokacinsa, don tudun G1 zai baje har ki kasa raba shi da S. Bayan wanki, alkol 70 cikin ɗari mai sanyi, a kwana a digiri -20. Sai TdT, enzim ɗin da ke liƙa alama a bakin gutsattsarin, da alamar kanta, dUTP mai koren rinin FITC, awa 1 a digiri 37, sannan PI da RNase A (enzim mai narkar da ARN, ɗan'uwan ADN) minti 30 cikin duhu. In babu RNase, PI zai rina ARN ma, lissafin ADN ya gurɓace.

A na'ura, PI a ma'aunin miƙe, FITC a na logaritim, ki ƙidaya aƙalla 20,000. Ki ware ƙwayoyin da suka manne bibbiyu ta kwatanta faɗin sigina da girmanta, in ba haka ba G1 biyu za su fito a matsayin G2/M.

Kar ki yi aikin babu shaida, wato samfurin da aka riga aka san sakamakonsa. Maganin kamtotesin a kan ƙwayoyin sankarar jini nau'in HL-60 na awa 3 zuwa 4 yakan kashe ƙwayoyin S musamman. In ba ki ga koren FITC ya hau a tsakiya ba, wato a S tsakanin G1 da G2/M, rinin ne bai kama ba. Ki ajiye kuma kwalba ɗaya da ba a sa mata TdT ba, ita za ta nuna miki inda za ki ja layi. Da zafin Yamai da ɗaukewar wuta, TdT ne ke fara lalacewa, ki riƙe shi a -20 ba tare da yawan narkewa ba.

Ki ɗauki samfur a lokuta da dama, kamar awa 3, 6 da 12. Magani na iya tsayar da ƙwayoyi a G2/M tukuna, su mutu daga baya, kuma samfur guda ba ya nuna wanne ya riga.