Tari, ciwon kai da kasala: likita na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 3 yana fama da tari da majina kwana biyar ke nan. Mai kemis ya ce in ba shi amoksilin. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Galibin tarin hunturu mura ce, ƙura da bushewar iska kuma su ƙara tsananta ta, amoksilin ba ya yi mata komai. Ki ba shi zuma ƙaramin cokali ɗaya kafin ya kwanta, ki yawaita masa ruwa mai ɗumi da kunu. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko ɗigo. Abin da za ki sa wa ido shi ne numfashi. Idan ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya cur. In ya kai 40 (ga ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya kuwa 50), ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, to ana zargin ciwon huhu, ki kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Ni da maiɗakina kullum da ciwon kai da jiri muke tashi tun shigowar sanyi, amma da na fita kasuwa sai ya sake ni. (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kuna kwana da kaskon gawayi a ɗaki? Ko janareto a zaure ko gindin taga? Ciwon kan da ya kama mutum biyu lokaci guda, ya kuma tafi da an sha iska, wannan nake fara tuhuma. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da ƙwaƙwalwa ke bukata, shi ya sa ake tashi jiki a mace, da tashin zuciya. In ta yi yawa, mutum ba ya farkawa. Ku fitar da kaskon tun kafin barci, a ƙara bargo. In kuwa ba kasko ba janareto a inda kuke kwana, ku je a auna jininku; 140 bisa 90 ko fiye, in ya maimaitu, hawan jini ne. Farasitamol kuwa, babba ƙwaya biyu masu 500, a bar tazarar awa 6, kada a wuce takwas a yini. A duba kwalin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum ya ninka bai sani ba hanta ta ɗauki nauyin. Ciwon kai mai zazzaɓi da sandarewar wuya kuma ba na gida ba ne, sanƙarau ake gudu.

Tambaya: Tarina ya haura mako uku, ga rama ga zufar dare. Na sha maganin tari kwalba biyu. (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: Bar kwalaben nan haka. Duk tarin da ya wuce mako biyu, a gwada majinar ƙirji don tarin tibi. A asibitocin gwamnatin Najeriya gwajin da maganin kyauta ne. Wata 6 ake sha; masu dainawa da sun ji sauƙi su ne cutar ke dawo musu ta ƙi jin magani. Mutanen ɗakinku ma a duba su.

Tambaya: Tun da na haihu kasala ta ƙi barina, ko tsani na hau sai haki. (Wata mai jego daga Kano)

Amsa: Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi. In ta yi fari fat, ƙarancin jini ne mai yiwuwa, ki je a gwada yawan jininki da zazzaɓin cizon sauro. Ki ci hanta, wake, zogale da alayyahu, ki bi da lemo. Shayi kuwa ki jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Ƙwayar ƙarin jini in an rubuta miki, ki ci gaba da ita kamar wata uku bayan jinin ya daidaita, kuma kada baƙin bayan gida da take sawa ya tsorata ki.