Yadda jan ƙarfe ya shiga dutsen Alderley Edge

Malam, ka tambayi yadda aka samu jan ƙarfe a tudun Alderley Edge da ke kudu da Manchester a Ingila, alhali dutsen yashi ne.

Yashin ya taru ne sama da shekara miliyan 240 da suka wuce, lokacin da yankin yake busasshe, koguna da iska suna jibge shi har ya daskare. Daga baya ƙasa ta tsattsage, ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin ya ratsa tsakanin ƙwayoyin yashin, ya bar jan ƙarfe da dalma, shi ya sa ake ganin kore da shuɗi a jikin dutsen.

Haƙar kuwa tsohuwa ce ƙwarai, domin wani shebur na katako da aka tsinta a can ya kai kusan shekara 3,700, Rumawa ma sun haƙa. Aiki mafi girma an yi shi tsakanin 1857 da 1877, inda ake niƙa dutsen a jiƙa shi da asid, sannan a zuba tarkacen baƙin ƙarfe domin jan ƙarfen ya fito. An daina haƙar wajen 1919.