Yaya ƙaramin jirgi marar matuƙi yake kauce wa karo?

Tambaya: Malam, sana'ata ɗaukar hoton biki, kuma ina shirin sayen ƙaramin jirgi marar matuƙi. Masu sayarwa sun ce yana ganin abin da ke gabansa ya kauce da kansa. Yaya yake yin haka, kuma zan iya sakin jiki da shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka, sai dai ba su ƙarasa zancen ba. Jirgin yana da ƙananan kyamarori da aka jera bibbiyu kamar idanun mutum, kowacce tana ɗaukar hoton abu ɗaya daga kusurwarta, sannan kwamfutar cikinsa ta gwada hotunan biyu. Idan wurin da abin ya bayyana a cikinsu ya bambanta sosai, to yana kusa. Idan bambancin kaɗan ne, yana nesa. Ana maimaita wannan lissafi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, kuma da shi jirgin yake yanke shawarar tsayawa cak ko kewayewa. A ƙarƙashinsa kuma akwai na'urar da ke aika haske marar ganuwa ko sauti zuwa ƙasa, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo.

Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya sa wannan fasaha a jirginsa mai suna Phantom 4 a shekarar 2016, amma ba ya ganin bayansa ko gefensa. Mini 4 Pro na 2023, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana lura da kowane ɓangare. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa ɓangarorin da naka yake gani, domin da baya-baya ake ɗaukar hotunan biki da yawa.

Sakin jiki kuwa, a ganina, kuskure ne. Kyamara tana buƙatar haske da abu mai zane ko fasali, don haka wayar lantarki, da siririn reshe marar ganye, da gilashi, da saman ruwa duk suna ruɗa ta. Bayan magariba, ko ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ganinsa yana raguwa ƙwarai, kuma a yawancin jiragen DJI kariyar tana daina aiki da zarar ka zaɓi tsarin gudu na Sport. A unguwar da wayoyi suka yi yawa, ka duba sararin da idonka kafin ka tashe shi, kuma kada ka ratsa da shi ta saman taron jama'a.