Tambayi Mai Gareji: Bambar jif ɗina ta ruɓe, in sauya ko in yi mata walda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da jif Toyota 4Runner ƙirar 1999, Beljiyam na saye ta shekara huɗu da suka wuce, dillalin ya ce daga Amurka ta zo ta Kwatano. Tun bara bambar baya ta fara kumbura, yanzu kusurwar hagu ta huje har yatsa na shiga. Ta gaba ma ta fara ɗigo-ɗigon ja. Mai waldar unguwarmu ya ce zai liƙe ramin, ya shafa fila, ya fesa fenti, ba wanda zai gane. Abokina kuma ya ce in sayi wata kawai. Wanne zan yi? Sannan da gaske ne fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota yana hana tsatsa?
Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ba kowa ko sisi a kan bamba, kai motar nan kan rami, ka shiga ƙarƙashinta da kanka, da tocila da ƙaramar guduma. Bamba ita ce ido ke gani, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ga dalili. Mu nan Arewa ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Gusau ko Sakkwato ba ta cika ruɓewa haka ba. In ka ga ƙarfe ya huje, galibi ciwon da shi ta zo. A Kanada da jihohin Amurka masu sanyi irin su Mishigan da Ohayo, gishiri ake watsa wa tituna lokacin dusar ƙanƙara don kada su daskare. Taya ta kwaso ruwan gishirin nan ta watsa shi ko'ina a ƙarƙashin mota, shekara da shekaru. Tsatsa dama ƙarfe ne da ruwa da iska suka haɗu, gishiri kuwa shi ke ƙara mata gudu. Abin ba ƙarami ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu a kotu na kimanin dala biliyan 3.4 saboda ruɓewar shasi, wato ƙarfen ƙasa da jikin mota ke zaune a kansa, a wasu motocinsa ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia. Babu 4Runner a wancan lissafin, amma gishirin da ya ci waɗancan bai tsallake taka ba.

Shasin motarka kamar akwati yake, cikinsa rami ne, don haka daga ciki yake ruɓewa zuwa waje. Ƙwanƙwasa shi daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ƙal-ƙal. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ya riƙa ɓantarowa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ka fi tsayawa a gaban tayoyin baya, inda hannuwan da ke riƙe da aksul suka kama shasi, da ƙarfen da safaya ke rataye a jikinsa, da gefen tankin mai. Ka bi siraran bututun birki da yatsa. In sun yi kurzunu, su ne farkon sauyawa, tun kafin a zo maganar ado.

Na taɓa karɓar irin motarka sak, baƙa wul, tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Mai ita bamba kawai ya zo sauyawa. Yarona ya shiga ƙasa zai kwance noti, ya ɗan dogara guduma a shasi, sai ga kan gudumar ya faɗa ciki. An cusa fila ne an bi ta da baƙin fenti. Da muka faɗaɗa wurin, busasshen taɓo da garin tsatsa muka kwaso ya kusa cika kwanon awo. Kyan ɗan maciji ke nan. Tun ranar nake yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, to fila ce a wurin.

To, in ka ƙwanƙwasa ka ji shasi lafiya, Alhamdu lillahi, mu dawo kan bamba. Bambar baya dai, sauya ta. Ƙarfenta siriri ne, an lulluɓe shi da farin ƙarfe mai walƙiya a waje, tsatsar kuma ta baya ta faro. Ramin da yatsanka ke shiga, kewayensa duk ya zama takarda. Wuta na taɓa shi zai ƙara ɓulewa. Fila kuma tana shan danshi, damina ɗaya za ta kumbura ta tsage. Abin da mai waldarku ke shirin yi gyaran gangar Auzinawa ne. Sauƙin da ka samu shi ne bambar bayan motar nan gida uku ce, tsakiya da kusurwoyi biyu, kana iya sauya ɓangaren da ya mutu kaɗai. Duba Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita a gwada, kada ka yi cinikin biri a sama ta waya. Kuma ka juya wadda za ka saya ka ga bayanta, don ita ma mai yiwuwa daga ƙasar gishirin ta fito. In ta gaba ce ta kama sauyi, ka sani ta 1996 zuwa 1998 ba iri ɗaya ba ce da ta 1999 zuwa 2002.

Wajen kwancewa za ka sha fama da notuna. A jiƙa su da WD-40 tun daren jiya. Makanikai na son zuba man birki, yana aiki, sai dai yana cin fenti. Duk notin da ya karye a sa sabo, kada a yarda wani ya manna bamba da shasi da walda don gudun wahala.

Ɗigo-ɗigon gaba da jajjajen shasi kuwa suna jin magani. A goge da burushin ƙarfe da samfefa har abin da ke ɓarewa ya ƙare, mai aikin ya sa tabarau ya rufe hanci. A wanke, a bari ya bushe ƙarƙar. Sai a shafa ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti, wanda ke mai da ja ya koma baƙi, a bi umarnin da ke jikin robar. Bayansa firaima, bayanta fenti. Bayan sabuwar bambar ma a yi mata haka kafin a ɗaura. Inda shasi ya huje kaɗan, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga ƙarfe mai rai, a sa faranti mai kauri irin nasa, da waldar lantarki, a cire kan batir, a kuma yi hattara da tankin mai. In ruɓar ta kai wurin da hannuwan aksul suke kamawa ta yi yawa, ni dai ba zan ɗora iyalina a motar ba sai an sauya shasin.

Baƙin mai kuwa, ba zan ce ƙarya ba ne gaba ɗaya, mai yana korar ruwa. Amma yana cinye robobin ƙafa, yana tara ƙura ta zama laka, yana ɓoye maka ɗigar da ya kamata ka gani, ga shi guba ne in ya zuba a ƙasa. Wanda ya fi shi sharri shi ne baƙin fenti mai kauri kamar kwalta da ake fesawa a kan tsatsa ba tare da an goge ba: danshi ya shiga ƙarƙashinsa ya zauna. In za ka fesa wani abu a cikin shasi, nemi man kakin da aka yi don wannan aikin.

Jira damina ta ɗauke kafin ka fara. A wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, a zura waya a buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan shasi da ƙofofi, a ɗaga kafet a duba daɓe. Fentin kuma a yi shi a rufaffen wuri, don ƙurar hunturu ba ta barin ɗanyen fenti ya zauna lafiya. In ka fito daga ramin, rubuto mini abin da gudumar ta ce.