Gindin tsohuwar sifika ya sha ruwa ya kumbura: yaya za a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsofaffin sifikoki biyu, irin dogayen nan da ake girkewa a ƙasa, ƙirar wajejen 1980. Sautinsu lafiya lau, amma gindin ɗaya ya sha ruwa ya kumbura, yana marmashewa, har ta fara karkata. Zai gyaru, ko sai an sake akwati?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai gyaru, Malam, kuma kada ka yi gaggawar sake akwati, domin faɗin cikinsa an auna shi ne daidai da sifikar da ke ciki.

Yawancin akwatunan wancan zamani da matsattsen garin katako aka yi su, aka lulluɓe da siririn ɓawon katako ko leda mai kamar katako. Irin wannan allo idan ya sha ruwa, gam ɗin da ya riƙe ƙwayoyinsa yakan saki, ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Don haka gyaran iri biyu ne: ko a ƙarfafa abin da ya rage, ko a yanke a sake.

Ka kwantar da ita a kan bargo, fuskarta sama, ka duba da kyau. Mazauni ne daban da aka ɗaure da sukurori, ko kuwa allon ƙasan akwatin ne kansa ya lalace? In mazauni ne, aikin ya zo da sauƙi. Kwance shi, ka ɗora a kan filawud mai kaurin milimita 18, ka zana, a yanko sabo daidai da shi. Tsayinsa kada ya canja, musamman in ramin iskar sifikar ƙasa yake kallo, domin tazarar da ke tsakaninsa da daɓe tana cikin lissafin sautin.

In allon akwatin ne, sai an yi haƙuri. A bar shi ya bushe a inuwa mai iska kamar mako guda. Zafin rana ko na wuta yana ɓamɓare ɓawon. Daga nan ka soka tsinin sukudireba a wurin. Duk inda ya lume ba tare da ka danna ba ya mutu, kankare shi har ka taras da mai tauri. Sauran da ya kumbura amma yake riƙe da kansa, ka shayar da shi ruwan gam ɗin efoksi, mai kwalba biyu da ake haɗawa, irin mai tsinkewa kuma mai jinkirin kamawa, don ya samu ya ratsa ciki. Yi ta shafawa har katakon ya daina sha. Sai ka shimfiɗa leda, ka sa miƙaƙƙun katakai biyu ka matse da abin matsi na kafintoci, ka bar shi awa 24. A nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki da farin gam na kafinta: ruwa ne a cikinsa, yana ƙara wa allon kumburi. Amfaninsa sai wajen haɗa lafiyayyen katako da lafiyayye.

Ramukan da suka rage a cike su da filar masu gyaran jikin mota, kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. A goge da samfefa lamba 80, sai 120, a gama da 220. Kusa da ɓawon ka sassauta hannu, kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, goga kaɗan ka huda shi.

Ramin sukurun da ya zarce kuwa, a buɗa shi da injin huda zuwa milimita 8 ko 10, a cusa ɗan sandan katako mai ƙarfi da gam, washegari a yanke daidai a huda ƙaramin rami sabo. Kafin kowace huda, ciro babbar sifikar ka leƙa ciki, domin a wasu ƙirar, allon na'urar da ke raba sauti yana zaune ne a ƙasan akwatin. Ka yi wa wayoyin alama kafin ka cire, ka kuma ajiye sifikar nesa da ƙura da ɓarɓashin ƙarfe, maganaɗisunta yana jawo ɓarɓashin ƙarfen.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne iska. In akwatin rufaffe ne marar rami, ɗan tsagi a kusurwar ƙasa ya isa ya rage ƙarfin bes, wato sauti mai kauri, wani lokaci har ka ji yana huci. Ka bi duk mahaɗar ta ciki da efoksi. Bayan ka mayar da sifikar, ka ɗora yatsu kewaye da tsakiyarta ka tura a hankali: in ta dawo sannu-sannu, akwatin ya toshe. In ta dawo nan take, akwai inda iska ke zurarewa.

Daga ƙarshe ka shafe ƙasan da fenti ko banish shafi biyu, har da gefunan da aka yanka, don ta nan ruwa ke shiga. In ramin iskar ba ƙasa yake kallo ba, ka sa ƙafafun roba huɗu masu tsayin milimita 10 zuwa 15, kuma ka sa wa ɗayar ma irinsu, don tsayinsu ya zo ɗaya, ruwan goge daɓe kuma ya daina taɓa katakon.