Hukuncin Albashin Ma'aikacin Siminti da Alhakin Hayaƙin da Ya Taru a Sama

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni lebura ne a wata masana'antar siminti a jihar Farin Nilu ta ƙasar Sudan. Na ji ana cewa hayaƙin siminti da na man fetur ne ke ƙara zafi da ambaliya, irin wadda ta ci gidajenmu a 2020. Shin albashina halal ne, kuma alhakin abin da ya riga ya taru yana wuyan wa?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, abin da ka ji yana da tushe, ɗan'uwa. Idan aka gasa dutsen farar ƙasa a tanderu, dutsen da kansa yana sakin iskar kabon, ban da wadda makamashin gashin ke fitarwa, shi ya sa siminti ke da kusan kashi 8 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa. Iskar nan tana ɗaruruwan shekaru a sama, don haka kwal ɗin da Ingila ta ƙona a ƙarni na 19 yana cikin lissafin har yau. Daga 1750 an fitar da sama da tan tiriliyan 1.5, kusan rubu'i daga Amurka, Afirka gaba ɗayanta kuwa kusan kashi 3 cikin 100.

Albashinka halal ne, domin siminti abu ne mai tsarki da ake gina gidaje da masallatai da asibitoci da shi. Abin da ke kanka shi ne kada ka taimaka wajen cutar da za a iya kauce mata, kamar kashe na'urar tace ƙura don rage kashe kuɗi, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa".

Game da abin da ya wuce, wajibi ne a bambance zunubi da biyan ɓarna. Waɗanda suka ƙona kwal a ƙarni na 19 ba su san illarsa ga yanayi ba, ba mu ɗora musu zunubi, kuma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Amma malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biya, kuma ana biyan bashin mamaci kafin a raba gadonsa. A fahimtata, ƙasashen da suka gaji arzikin wannan hayaƙi sun gaji bashinsa, kuma asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a 2022 haƙƙin manomin da ruwa ya ci gonarsa ne, bai kamata a kira shi sadaka ba. Hukuncin ya haɗa da ƙasashen Musulmi masu arzikin mai, kowace gwargwadon abin da ta fitar.

Allah ne Mafi sani.