Amsa ga Hajiya kan bikin al'adu da maganar tuta

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ce unguwa za ta yi bikin al'adu, 'yan Najeriya da 'yan Yaman da 'yan Bangaladash da Turawan wurin, sai ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya ta nemi rumfa, kwamiti ya rabu biyu. Kin tambaya ko ku janye. To ni a ganina abin da kike son sani shi ne, wa ke da ikon cewa e ko a'a. A Amurka amsar tana kan takarda: sunan wa ke kan izinin taron, kuma filin na wane ne.

Idan ƙungiya mai zaman kanta ce ta karɓi izinin jerin gwano, ita ke zaɓar saƙon da za a ɗaga. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1995, a shari'ar Hurley, kan faretin 'yan asalin Ailan a Boston, inda masu shirya shi suka hana wata ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya shiga da ƙyallenta, kotu ta ba su gaskiya. Alƙalai tara, bakinsu ɗaya. Amma ki lura, ƙyallen da aka rubuta saƙo a kai aka ce suna iya hanawa. Mutum shi kansa, ya zo ya sayi tsire ya zauna ya ji kiɗa, wannan ba ku da hurumin korarsa. A Mishigan ma tun 2023 dokar hana wariya ta jihar ta ambaci masu neman jinsi ɗaya ƙarara. Mai rumfar da ya ce ba zai sayar wa wane abinci ba, ya jawo wa kansa ƙara, wataƙila har da kwamiti.

In kuwa hukumar gari ce mai bikin, ko kun haɗa hannu da ita har tambarinta na kan fosta, to magana ta canza. Gwamnati ba ta buɗe fili ta ce kowa ya nema, sannan ta tsame mutum ɗaya don ra'ayinsa. Boston ɗin nan dai ta sha ƙasa a 2022. Shekara goma sha biyu tana amincewa da tutoci a sandar gaban ofishinta, sau 284 ba ta hana kowa ba, sai wani ya kawo tutar Kirista ta ƙi. Kotu ta ce ba ta isa ba. Me ya kayar da ita? Ba ta da rubutacciyar ƙa'ida.

Shi ya sa nake jin haushi in na ji ana cewa ai garin Hamtramik na Mishigan sun hana tutar bakan gizo ta masu neman jinsi ɗaya, mu ma mu hana. Ku san abin da aka yi tukuna. Garin nan ɗan ƙarami ne a tsakiyar Ditroit, mutum dubu ashirin da takwas da 'yan kai. A watan Yunin 2023 majalisarsa, wadda duk Musulmi ne, ta ce a kan kadarar gwamnati ba a ɗaga tutar addini ko ta siyasa ko ta ƙabila ko ta jinsi. Ta lissafa waɗanda aka yarda: ta Amurka, ta jiha, ta gari, ta fursunonin yaƙi, da na ƙasashen da mazauna suka fito. Gidan mutum da shagonsa, babu ruwan dokar. Kuma ko a hakan ba a kwashe lafiya ba, mutum biyu daga hukumar kyautata zamantakewa suka ɗaga tutar bakan gizo a watan da ya biyo baya, aka sauke su daga muƙamansu, aka tafi kotu.

Kuma abin da mutanenmu ke mantawa, garin nan ne a 2004 aka yi ta ja-in-ja kan kiran salla da lasifika. Lokacin Musulmi ba su da rinjaye a majalisa. Majalisar da galibinta ba Musulmi ba ne ta gyara dokar hayaniya, masu adawa suka tara sa hannu, aka je ƙuri'a a watan Yuli, kiran salla ya tsira. Karen Majewski, wadda daga baya ta zama magajiyar gari, tana cikin waɗanda suka tsaya mana. Ita ce kuma a 2023 ta fito ta nuna ɓacin ranta. Ko ba ki yarda da ita ba, kin san zafin da take ji. 

Abin yi dai. Ku rubuta ƙa'idar rumfuna kafin ku buɗe fom, kada ku bari sai an nema. In kun ce rumfa ta abinci ce da sana'ar hannu da tufafin gargajiya kawai, to ta hau kan kowa, har rumfar wa'azi da ta 'yan siyasa. Nan ake faɗuwa, a hana wancan a bar namu. Ku nemi izini da wuri, wasu garuruwan sai da wata biyu ko uku. Inshora galibi ta dala miliyan ɗaya suke nema, masu abinci kuma kowa da takardar hukumar lafiya. Lauya ya duba ƙa'idar kafin a buga.

Sai samari. Don Allah a ja musu kunne. Gefen titi na kowa ne, wanda ya tsaya can da tutarsa yana kan haƙƙinsa. Ba zagi, ba fizge tuta, ba ɗaukar mutum bidiyo ana yi masa ihu. Fizge tutar mutum laifi ne, ga wanda takardunsa ba su kammala ba kuwa abin na iya shafar zamansa. Ban da doka ma, maƙwabcinki ne, gobe a layi ɗaya za ku kwashe ƙanƙara.

Hajiya, ki ɗauki hoton fom ɗin izinin ki turo, wurin da aka rubuta sunan mai taro nake son gani.